Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau: A Sa Wa Buhun Wake Shaida

Allah ya ja zamanin Sarki, Mai Martaba Malam Ahmed Nuhu Bamalli.

Bayan gaisuwar ban girma, ni mai tuyar ƙosai ce a Tudun Wada, da kaskon nan nake ciyar da 'ya'yana. Kukan da na kawo fada na wake ne.

Kwanan baya na auno tiya biyar. Ina jiƙa shi warin fiya-fiya ya bugi hancina. Na koma wurin mai awo, ya rantse haka ya saro. Dillali ya ce daga sito aka ɗauko, mai sito kuma ya ce a kasuwar ƙauye aka haɗo masa buhunan. Kowa da gaskiyarsa, amma an rasa wanda ya zuba maganin, balle ranar da ya zuba. Na zubar da waken, don ƙosaina yara 'yan makaranta ke karyawa da shi.

Ranka ya daɗe, abin ba a bakin kaskona ya tsaya ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Bature ya gwada ya ƙi. Mu da ba mu da na'urar gwaji sai hanci, mu muke cinyewa.

Abin takaicin, mafita na nan a ƙofar gidanmu. Cibiyar Binciken Aikin Gona tana Samaru, malaman gona ba su yi mana nisa ba. Ga buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki, buhu a waje. A ɗaure shi tam, ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba a ɗiga ko ɗigon magani ba. Ya fi buhun gargajiya tsada, na sani, amma ana sake amfani da shi in bai huje ba.

Roƙona ɗaya ne. Sarakunan kasuwa, hakimai da dagatai duk suna jin maganar Sarki. A umarce su kowane buhun wake da zai shigo Sabon Gari ko Samaru ya zo da rubutu a jikinsa: ƙauyen da aka noma shi, sunan mai ajiya, an sa magani ko ba a sa ba, da ranar da aka sa. Ko da ajami ne, ko da gawayi. Sarkin kasuwa ya riƙe littafi, wanda aka kama da ƙarya a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Dillalai za su yi gunaguni, su ce ɓata lokaci ne. Ai buhun siminti ma da sunan kamfani a jikinsa, kuma ba cin sa ake yi ba. Ni dai na yarda in ƙara kuɗi a kan tiyar da na san asalinta.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Talakarka mai biyayya,
Wata mai ƙosai, Tudun Wada, Zariya.