A Fitar da Tarukan Muhalli Zuwa Gona da Kasuwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan tarukan wayar da kan jama'a game da muhalli, waɗanda jami'o'i da hukumomi da ƙungiyoyi masu zaman kansu suke shiryawa, musamman a watan Yuni, lokacin da ake bikin Ranar Muhalli ta Duniya a ranar 5 ga wata da Ranar Yaƙi da Kwararowar Hamada a ranar 17. Ba na shakkar kyakkyawar niyyar masu shirya su, kuma ilimin da ake bajewa a cikinsu na gaske ne. Damuwata tana kan wurin da ake yin su, da harshen da ake magana da shi, da kuma lokacin da ake zaɓa. Galibi a ɗakin taro na babban birni ake zama, a gabatar da ƙasidu da Turanci, a dasa itace ɗaya ko biyu a gaban masu ɗaukar hoto, sannan a watse, alhali manomi da makiyayi da mai saran itace da matar da ke hura murhu, waɗanda a hannunsu ƙasar take gyaruwa ko take lalacewa, ba su ma san an yi ba.

Maƙwabtanmu na jihar Maradi a Jamhuriyar Nijar sun nuna cewa akwai wata hanya. A farkon shekarun 1980, bayan an sha dasa itatuwa suna mutuwa, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma suke sarewa duk shekara a lokacin sharar gona, tohon kututturan manyan itatuwa ne waɗanda saiwarsu take da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan, wadda manoman can suke kira sassabin zamani, ba ta buƙatar gandun renon itace ko ban ruwa. Manomi yakan tsaya a kan kututturen sabara ko kalgo ko gawo, ya zaɓi rassa 'yan kaɗan mafiya ƙarfi da miƙewa ya bar su, ya sassabe sauran da wuƙa mai kaifi, ya riƙa kare su daga awaki har su tashi. Bayan farin 1984 abin ya fara bazuwa, kuma a yau masana suna ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Abin lura a nan shi ne yadda ilimin ya yi tafiya. Manomi ne ya riƙa kai ɗan'uwansa gonarsa yana nuna masa, domin gani ya kori ji. Wanda ya tsaya a gindin gawo ya ga yadda yake kaɗe ganye da damina, ya bar wa gero rana, sannan ya yi kore shar da rani lokacin da dabbobi suke neman inuwa da abinci, ya kuma ga zangarniyar geron da ke ƙarƙashinsa ta fi ta nesa da shi kauri, ba ya buƙatar dogon jawabi kafin ya gamsu cewa itacen yana ƙara wa ƙasa taki. Aikin masani a irin wannan wuri shi ne ya bayyana dalilin abin da ido ya gani, wato yadda saiwar gawo take tara sinadarin da shuka ke buƙata, da yadda itatuwa suke karya ƙarfin iskar da ke binne sabuwar shuka da rairayi. Haka kuma dole ne ya saurara, domin a Nijar sai da manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba idan ya yi masa sassabe, sannan ya saki jiki da dabarar. Wannan tsoro yana nan a ƙauyukanmu, kuma ba a jin sa daga kan mumbarin ɗakin taro.

A Burkina Faso ma, marigayi Yacouba Sawadogo, wanda ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018 tare da Rinaudo, ya yaɗa dabarar haƙa ƙananan ramuka ana zuba taki a ciki ta hanyar tara manoma a ƙauyensu, suna musayar iri da dabaru kamar ranar kasuwa.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan ilimi bai isa inda ake buƙatarsa a kan kari ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙa su a tsakar gidan da yara suke rarrafe. Masana sun daɗe da sanin illar ƙurar dalma ga ƙwaƙwalwar yaro, amma iyayen da suke dakan ba su sani ba.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta Ƙasa, wadda take aiki a jihohin Arewa 11 da ke bakin hamada, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da su karkatar da wani kaso na kuɗin tarukansu zuwa karkara. A yi taron a ranar kasuwa, ko a ƙofar gidan dagaci bayan sallar Juma'a, da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci gwargwadon mutanen wurin, kuma a ƙarasa shi a cikin gona da wuƙa a hannu. A shiga gidaje ta hannun malamai mata a gwada murhu mai tsimin itace a gaban matan da za su yi girki da shi, su faɗi aibinsa da kansu. Hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa take fitarwa a farkon kowace shekara shi ma ya kamata a zauna a warware wa manoma shi gunduma gunduma, a gaya musu lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna da irin da ya dace su shuka.

Batun lokaci kuwa shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Idan aka jira watan Yuni, an riga an yi sharar gona, an sare tohon, an ƙone shi, wasu ma sun yi shuka. Watannin Maris da Afrilu, kafin manomi ya ɗauki gatari da ashana, su ne lokacin da maganar za ta yi amfani. Ina roƙon wannan jarida ta riƙa buga ranaku da wuraren irin waɗannan taruka tun da wuri, ta kuma tura wakilanta su koma bayan shekara guda su duba ko itatuwan da aka bari sun tashi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin gona mai ritaya,
daga jihar Katsina.