Wasiƙar Sallah daga Edinbura zuwa gida Kano

Zuwa ga Baba da Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya, an kuma sauko daga idi lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da dukkan yaran gida. Mu ma mun yi idi a babban masallacin Edinbura, sai dai Sallar da babu kakaki, babu dawakai, babu tuwon Hajiya, dole ta sa mutum kewar gida.

Washegarin Sallah na samu hutun aiki, sai na hau bas zuwa wani ƙauye da ake kira Rosilin, kimanin kilomita 11 kudu da birnin, domin in ga wani tsohon ɗan coci da ya shahara a ƙasar Sikotilan. Kada hankalin Baba ya tashi, kallon gini ne ya kai ni, kuma na zaɓi lokacin da ba sa ibada. Wani basarake mai suna William Sinclair ne ya kafa shi a 1446, kuma ana cikin aikinsa ne Sarki Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano a 1463, wato kusan sa'an Gidan Rumfa ne. Niyyar mai shi ita ce ya gina babbar majami'a, amma ajali ya riske shi, magadansa kuma suka rufe ɓangaren da aka riga aka tayar suka bar shi haka, shi ya sa tsawonsa bai wuce mita 21 ba. Duk da ƙanƙantarsa, da ƙyar za ka sami tafin hannu guda na dutse da ba a sassaƙa masa ganye ko fure ko tauraro ko fuskar mutum ba.

Abin da ke jan mutane shi ne wani ginshiƙi da suke kira ginshiƙin almajirin magini. An sassaƙa masa igiyoyin ganye da suka nannaɗe shi daga ƙasa har sama, a gindinsa kuma akwai dodanni takwas. Labarin da ake bayarwa shi ne, wai babban maginin ya yi tafiya zuwa wata ƙasa don ya ga samfurin da zai kwaikwaya, kafin ya dawo yaronsa ya ga ginshiƙin a mafarki ya sassaƙa shi, shi kuwa da ya tarar an fi shi, hassada ta ɗebe shi ya buga wa yaron guduma a ka ya mutu. Mai yi mana bayani ta nuna mana wata fuskar dutse a can saman kusurwa mai tabo a goshi, ta ce ita ce ta yaron, da wata da aka ce ta maigidan ce. Wasu kuma sukan ƙara da cewa ana ganin fatalwa a wurin, musamman ta wani malamin coci da ke addu'a a ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Na sauka wannan ɗakin ta matakalar dutse da sawun mutane ya cinye tsakiyarta. Akwai sanyi da ɗan duhu, kuma a jikin bango ana iya ganin zanen da maginan suka karta da ƙarfe lokacin da suke auna bakan gini. Wannan zanen ya fi tsaya mini a rai a kan zancen fatalwa, domin shi shaida ce ta hannun mutanen da suka yi aikin. Batun kisan kuwa, babu wata takarda ta zamanin ginin da ta tabbatar da shi, kuma ana ba da irinsa a kan wasu tsofaffin majami'u har a Faransa. Ni dai a ganina, mutane sun ga aikin da ya fi ƙarfin tunaninsu ne suka nema masa labari, kuma mun san wanda ya mutu ba ya dawowa yawo.

Dalilin da ya sa na tsawaita, Baba, shi ne abin da ya faru da ginin daga baya. Ya sha wuya sosai: an farfasa wuraren ibadarsa a 1592, sojojin Cromwell, jagoran yaƙin Ingila na lokacin, sun ɗaure dawakai a ciki a 1650, ya daɗe a yashe kafin a sake buɗe shi a 1862. Amma ɓarnar da ta kusa gamawa da shi ta zo ne daga masu neman gyara, domin a shekarun 1950 an shafe duwatsun ciki da ruwan siminti da nufin kare su, sai simintin ya toshe kafofin dutsen, danshi ya rasa mafita, gansakuka ta rufe rufin. A 1997 sai da aka kafa wa cocin gaba ɗaya rumfar ƙarfe don ya bushe a hankali, ba a cire ta ba sai 2010. Ina jin wannan bayani sai na tuna maganarka cewa ginin ƙasa yana numfashi, kuma duk wanda ya yaɓa wa tubali siminti ya ɗaure masa ruwa a ciki, wata rana damina za ta ɓallo shafen da rabin katangar.

Saboda haka ina roƙon alfarma a dakata da shawarar shafe zauren gidanmu da siminti wadda Yaya ya faɗa mini a waya. Zanen da ke fuskar zauren aikin hannun Kaka ne, kuma irinsa yana ƙarewa a cikin birni, kamar yadda ganuwa take ƙarewa a idonmu. Idan har za a sami tsohon magini da ya iya haɗa makuba ko laso, a neme shi ko da kuɗinsa ya fi, ni zan ɗauki nauyin aikin. Zai yi kyau kuma a sa ɗaya daga cikin yaran Yaya ya tsaya tare da shi, ya ga yadda ake kwaɓawa da yadda ake yaɓawa.

Na tura goron Sallah ta hannun Yaya, akwai rabon Gwaggo da na yara a ciki. A ɗauko mini hoton zauren ta gaba da ta gefen da ya tsage kafin ruwa ya sauka, domin in san abin da zan tanada. Ina neman addu'arku da albarkarku. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗanku, Aminu