Tarihin Maƙabartar Sojoji ta Arlington

Malam Edita,

Muna so masu karatu su san asalin maƙabartar Arlington da ke tsallaken kogin Potomac daga birnin Washington. An fara binne sojoji a can a 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, da maƙabartun birnin suka cika. Filin na iyalin Janar Robert Lee ne, babban kwamandan sojojin Kudu da suka yi tawaye a yaƙin, gwamnati ta ƙwace bisa zargin ƙin biyan haraji. A 1882 Kotun Ƙoli ta soke ƙwacen, sai gwamnati ta saye shi kan dala 150,000 a 1883. Har zuwa 1948 ana ware kaburburan baƙaƙen fata daban, abin takaici. Yau mamatan da aka binne a maƙabartar sun haura 400,000.

Kula da wurin ya fi kafa shi wuya. Ƙasar kabari tana lotsawa bayan ruwan sama, dutsen shaida ya karkace, sai a tono shi a sake kafawa da igiyar awo. Wanke dutsen da sinadari mai ƙarfi yana cinye rubutun. Rijista ma tana ruɗewa: binciken soja na 2010 ya gano kaburbura sama da 200 da bayanansu suka saɓa da taswira.

Naku,
Wasu masu nazarin tarihin soja