Shafin wasanni ba na ƙwallo kaɗai ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Kullum shafinku na wasanni ƙwallon Turai ne, sai ka ce babu wani wasa a duniya. Ajantina, ƙasar Messi, tun 1953 ta ayyana pato a matsayin wasanta na ƙasa. A kan dawaki ake yinsa, ana finciko ƙwallo mai hannuwa shida, wadda a da agwagwa ce mai rai cikin jakar fata. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa tun 1975 suke gasar kokawar takobi, jihohi na karɓar baƙunci bi da bi, ko'ina ka leƙa an kasa kunne ga rediyo.

Don Allah ku tura wakili gidan dambe, ko sau ɗaya a mako.

Mai karatunku daga Gusau