Wasiƙa daga Toronto: aikin da kwamfutata ke yi bayan na kwanta

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu ma nan lafiya lau muke, sai hunturu da ya shigo da ƙarfinsa, tun biyar na yamma gari ya yi duhu.

Ranar da muka yi waya ka tambaye ni dalilin da ya sa nake barin kwamfutata a kunne har gari ya waye, da abin da ake biyana a kai. Na ce maka ko sisi, ka yi shiru irin na wanda bai gamsu ba. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Kwamfutar da ke gabanka, ko lokacin da kake rubutu ko karatu a kanta, ɗan kaɗan take amfani da shi daga ƙarfinta, sauran a zaune yake. A can kuma akwai masu bincike da ke da lissafin da kwamfuta ɗaya za ta shekara ɗaruruwa ba ta gama ba. Sai su daddatsa aikin gunduwa-gunduwa. Kai kuma ka sauke wata 'yar manhaja, ita za ta riƙa karɓo gunduwa ɗaya ta intanet, ta yi lissafin lokacin da ba ka buƙatar na'urarka, ta mayar da amsa, ta karɓo wata. A yawancin ayyukan ana aika gunduwa guda ga kwamfutoci biyu ko fiye, sannan a gwada amsoshinsu, saboda na'urar wani tana iya kuskure, wani kuma yana iya maguɗi. Idan ka tuna gayyar da ake yi a gonar kakanka, kowa ya zo da fartanyarsa ya kama kunya ɗaya, kafin azahar an nome gonar da mutum ɗaya zai yi mako a ciki, to ka gane tsarin.

Abin ya daɗe. A 1996 wani Ba'amurke, George Woltman, ya kafa GIMPS, masu farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Amma wanda ya sa duniya ta san da wannan harka shi ne SETI@home, da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta buɗe a watan Mayun 1999. Suna ɗauko abin da katafaren faifan sauraron sararin sama na Arecibo, a tsibirin Puerto Rico, ya naɗo, su rarraba wa jama'a a tace ko za a ji wata alama daga wasu halittu masu hankali a wata duniya. Sama da mutum miliyan 5 suka shiga. Daga cikin wannan aiki ne David Anderson da abokansa suka gina BOINC a 2002, manhaja ta kyauta wadda kowane mai bincike zai iya ɗora nasa aikin a kai.

Ka lura da wannan, don shi ya fara ba ni mamaki: SETI@home ya yi kusan shekara 21 yana raba aiki, har ƙarshen Maris ɗin 2020 da suka dakata, kuma ba a tabbatar da ko alama ɗaya ba. Duk da haka mutane ba su watse ba. Wanda ya shiga don riba da tuni ya kama gabansa. Waɗanda suka tsaya, tambayar ce ta riƙe su, kuma sun ji daɗin cewa an ba su wuri a cikin nemanta. Ɗan kasuwa ko direba ko malamin firamare ba shi da hanyar shiga ɗakin binciken jami'a, ga shi yau an kawo masa ɗakin har gida. Wani lokaci ma abin yana faɗowa a hannunsa. A 2010 aikin Einstein@Home ya gano wani sabon tauraro mai juyawa da sauri, daga irin waɗanda suka mutu suka dunƙule, kuma kwamfutocin da suka fara tsinto shi na wasu ma'aurata ne a jihar Iowa ta Amurka da wani mutum a birnin Mainz na Jamus. A GIMPS kuwa, lambar da aka samu a Oktoban 2024, wadda Luke Durant ya gano, tana da alƙaluma 41,024,320.

Ni dai ba taurari ne suka jawo ni ba, kuma ka san dalili. Kana wurin lokacin jinyar Inna, Allah ya jiƙanta. Ka ga yadda ciwon daji ya ci jikinta muna tsaye muna kallo, ba mu da abin yi sai addu'a da sayen magani. Wannan rashin abin yi bai taɓa barina ba. Da na ji labarin Folding@home, wanda Vijay Pande ya fara a Jami'ar Stanford a shekarar 2000, sai na ji kamar ni aka yi wa. Aikinsu shi ne kwaikwayon yadda furotin, wato ƙananan sinadaran da ke gina jiki suna gudanar da ayyukansa, ke naɗewa da motsawa a cikin jiki. Kowane furotin sai ya naɗe ya ɗauki wata siffa kafin ya yi aikinsa, kuma idan naɗin ya karkace ana samun cututtuka irin su ciwon mantuwa na tsufa da wasu nau'o'in daji. Motsin yana faruwa cikin ɗan mitsitsin lokaci, amma lissafa shi ɗaya bayan ɗaya yana cinye ƙarfin kwamfuta ba kaɗan ba. Na san gunduwar da na'urata ke yi ba ita za ta samo maganin daji ba. Amma aikin gaske ne, wani mai ilimi zai duba shi, kuma sakamakon ana fitar da shi fili kowa ya amfana. Idan ka karanta abin da masu sa kai ke rubutawa game da kansu, da yawa haka za ka gani: wannan mahaifinsa ya daina gane shi, wancan matarsa ce ta rasu. Kuma kai ka fi ni sanin hadisin da ya ambaci ilimin da ake amfana da shi cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa. Da wannan niyya nake kunna ta.

An ga ƙarfin wannan zuciya a 2020. Da korona ta rufe mutane a gida, Folding@home ya juya kan ƙwayar cutar, jama'a suka yi ta tururuwa har aikin da za a raba ya riƙa ƙarewa, manyan kwamfutocin masu rabon suka kasa ɗauka. A watan Afrilun shekarar, ƙarfin da aka tara ya kai kusan lissafi biliyan sau biliyan 2.4 a daƙiƙa guda, wanda ya zarce na manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya a haɗe. Sai a 2022 aka samu kwamfuta guda, Frontier ta Amurka, da ta haura biliyan sau biliyan a hukumance. Da wannan ƙarfi masu binciken suka ga yadda ƙayar da ƙwayar cutar ke kama jikin mutum da ita take buɗewa, da wasu ɓoyayyun ramuka a jikin furotin ɗinta da magani zai iya shiga. Bayan annobar ta lafa, da yawa sun janye, kuma ban ga laifinsu ba. Sun zo lokacin da ake buƙata.

Akwai kuma maki. Kowace gunduwa da ka gama ana rubuta maka maki, ana jera sunaye, ana kafa ƙungiyoyi na ƙasashe da jami'o'i da masu wasannin kwamfuta, ana gasa. Makin ba ya sayen ko ashana, amma akwai mai haɗa kwamfuta ta musamman don ƙungiyarsa ta hau sama. Wasu na raina wannan dalili. Ni ban raina shi ba, tunda furotin bai san niyyar wanda ya lissafa shi ba, kuma masu gasar nan suna cikin waɗanda suka fi kowa kawo aiki.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana ranka, wato wuta. Ana cewa ƙarfin da ya rage ake bayarwa, kamar kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Kwamfutar da ke hutawa wuta kaɗan take sha, wadda ke aiki gadan-gadan kuwa tana shan ninki-ba-ninki, tana zafi, fankarta ba ta tsayawa. Duk wanda ya shiga, a kuɗin wutarsa yake biya. Ni a nan abin ya zo mini da sauƙi, domin wajen rabin shekara sai an ɗumama ɗaki, kuma zafin da na'urar ke fitarwa yana rage mini wani abu daga wancan. Da bazara nakan rage mata aiki. Kai kuwa da ake kawo muku wuta a ɗauke ba sallama, ga tsadar mai, ga zafin Afrilu, wallahi ba zan ce ka tayar da janareto don wannan ba. Kuɗin man nan in ka kai wa maras lafiya a asibiti ya fi amfani nan take. Inda na ga ƙofa ita ce solar da ka ce ka saka. In batiranka sun cika tun hantsi, hasken da ke zuba a kan faifan daga nan zuwa la'asar asara yake tafiya. A manhajar kana iya sa mata sa'o'in da za ta yi aiki, ka ce ta ɗauki rabin ƙarfin na'urar kawai, ta kuma tsaya da zarar kwamfutar ta koma kan batirinta. Sai dai ka lura da data, don wasu ayyukan gunduwarsu na da nauyi. Kuma kada ka ɗora ta a kwamfutocin wurin aiki sai da izinin hukuma a rubuce, an sha samun waɗanda suka shiga matsala a kan haka.

Abin da ya fi damuna ma ba bayarwar ba ce. Shekara da shekaru mutanen wasu ƙasashe suna ba da kwamfutocinsu a kan matsalolin da mu suka fi shafa. Cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan ta yi shekaru tana gudanar da malariacontrol.net, tana kwaikwayon yadda zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa don a gane wace dabara ta fi rage shi. World Community Grid, da kamfanin IBM ya kafa a 2004 kafin ya miƙa shi ga cibiyar Krembil da ke nan Toronto, ya yi aikin neman maganin zazzaɓin cizon sauro daga 2011, da na Ebola daga ƙarshen 2014. A 2019 kuma ya fara wani aiki da Jami'ar Delft ta Holan kan hasashen ruwan sama a Afirka kudu da Sahara, saboda ƙananan manoman da damina ce kaɗai abin dogaronsu. Ka san abin da ake ji idan an yi shuka da ruwan fari sannan sama ta ɗauke mako uku. Duk waɗannan tambayoyin namu ne, amma daga waje aka yi su.

Kai malamin jami'a ne, kuma ka sha gaya mini cewa ɗalibanku na digiri na uku suna ajiye bincike mai kyau saboda babu babbar kwamfuta. BOINC kyauta ce, kuma masu sa kai suna nan a duniya suna neman aikin da ya cancanci wutarsu. Abin da ake buƙata shi ne tambaya mai ma'ana wadda za ta datsu gunduwa-gunduwa, da kwamfuta guda mai tsayayyar wuta da intanet da za ta riƙa raba aiki tana karɓar amsa, da mutum biyu ko uku da za su riƙa yi wa masu sa kai bayanin inda aka kwana. Wannan na ƙarshen kada a yi wasa da shi, don mutanen nan suna guje wa aikin da masu shi suka yi shiru. Ban ce abu ne mai sauƙi ba, amma bai fi ƙarfin sashe guda na jami'a ba in an haɗa kai da 'yan sashen kwamfuta. Ka yi magana da su, ka ji ko akwai mai sha'awa. Idan kun kai ga gwaji, zan ɗauki nauyin hayar na'urar rabon aikin na shekarar farko, kuma kwamfutata ce za ta fara karɓar gunduwarku.

Ka rubuto mini girman solar taka da irin kwamfutar da kake da ita, in duba wane aiki zai dace da ita. Ka gaishe mini da Baba da jiki, da uwargida, da yara duka. Ina sa ran zuwa gida bayan babbar salla in Allah ya yarda.

Wassalam.

Naka amini har kullum.