A Gargaɗi Masu Shan Carbimazole Kan Zazzaɓi da Ciwon Maƙogwaro

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin jama'a kan wata illar magani da ba kasafai ake yi wa marasa lafiya cikakken bayaninta ba. Mutumin da tayirod ɗinsa, wato halittar nan da ke gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, ke aiki fiye da kima, yakan yi fama da bugun zuciya da rama da rawar hannu da yawan gumi, kuma likita kan ɗora shi a kan carbimazole ko methimazole ko propylthiouracil. Magunguna ne masu amfani ƙwarai, kuma mafi yawan masu shan su ba sa ganin wata matsala mai tsanani.

Sai dai a jikin wasu ƙalilan, ƙasa da mutum 1 cikin 100, maganin yakan sa ɓargo ya daina samar da fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙar cuta. Hakan ya fi faruwa a watanni 3 na farko, kuma yana zuwa ne kwatsam, har ma ga wanda gwajin jininsa na baya ya fito lafiya lau. Alamarsa ta farko ita ce zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da gyambo a baki.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda muke ɗaukar waɗannan alamu a nan. Da jiki ya yi zafi sai a ce maleriya ce, a tura yaro kemis ya karɓo maganin zazzaɓi da farasitamol, mara lafiya kuma ya ci gaba da haɗiyar ƙwayarsa ta tayirod safe da yamma. A wasu gidajen ma, idan maƙogwaro ya hana haɗiyar tuwo, wanzami ake kira ya cire belu, alhali jikin da za a yanka ba shi da abin da zai tare ƙwayar cuta idan ta shiga jini. Jinkirin kwanaki kaɗan a irin wannan hali yana iya kai mutum lahira.

Abin da ya dace shi ne a dakatar da maganin nan take, a je asibiti a ranar, a gaya wa likita sunan maganin, a nemi gwajin ƙirgen ƙwayoyin jini. Idan an kama abin da wuri, ƙwayoyin sukan farfaɗo cikin mako 1 zuwa 2. Wanda hakan ya taɓa faruwa da shi ba a mayar da shi kan maganin ko wani daga cikin magungunan nan uku, sai a duba yi masa tiyata ko ba shi aidin mai tururin nukiliya. Zubar jini daga dasashi ko tabon jini a ƙarƙashin fata su ma dalili ne na garzayawa asibiti.

Ina kira ga likitoci da masu harhaɗa magunguna da su faɗi wannan gargaɗi da Hausa, a gaban ɗan'uwan da ya rako mara lafiya, su kuma rubuta shi a takardar da zai tafi da ita gida. Masu kemis kuwa, kafin ku miƙa maganin zazzaɓi ga mai kumburin wuya, ku tambaye shi abin da yake sha.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya, Kano