Sanarwa: Zuwa Kallon Wasan Kwaikwayo Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Maganar zuwa National Theatre, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Accra, ta tabbata, ranar Asabar ce in Allah Ya kai mu. Za mu haɗu a shatale-talen Nima bayan sallar La'asar, mu shiga tirotiro (ƙaramar bas ta haya) tare. Wanda ya makara sai dai ya biyo mu da tasi, don ba za mu sake tsayuwar da muka yi wancan karon ba.

Waɗanda ba su taɓa zuwa ba, shi ne farin ginin nan mai kama da jirgin ruwa, kusa da Efua Sutherland Children's Park. Ƴan Sin suka gina shi, aka buɗe shi a 1992. Babban ɗakin na ɗaukar mutum kusan 1,500, amma kujerun tsakiya su ne na daɗi, kuma su ake fara wawashewa. Saboda haka a turo kuɗin tikiti ta MoMo (tura kuɗi ta waya) kafin Alhamis.

Wasan da Turanci ne, ana ɗan haɗawa da yaren Twi, akwai waƙa da rawa. Iyayenmu mata, ku ɗauko mayafi mai kauri, na'urar sanyaya ɗakin ba ta wasa. A kashe waya idan an fara. Magariba kuwa can za mu yi, ni zan taho da tabarma.